Rabon Hanci

Bayan gidan da nake zaune yanzu akwai fili, kuma tun bara mahauta suka mayar da shi wurin babbakar kai da ƙafa. Da tsohuwar tayar mota suke yi. Da hantsi sai ka ga baƙin hayaƙi ya miƙe, mai kauri, ya kwanto bisa katanga ya shigo mana tsakar gida, ya sauka a kan shanya da randa da komai. Mutanen gidan sun saba, ko dai sun ce sun saba. Ni kuwa da zarar ya taɓa mini hanci sai in nemi wurin zama, tsohuwa da jikoki ina ta tofar da yawu kamar yarinya mai cikin fari. Na yi niyyar kai kuka wurin mai unguwa, na fasa, na sake niyya, na sake fasawa, don su ma abincinsu suke nema, kuma ban tabbata warin ya kai yadda nake jin sa ba. Mai yiwuwa rabinsa daga filin yake zuwa, rabinsa kuma daga wata shekara da ta wuce tun ba a haifi mahautan ba.

Da hayaƙin kaɗai ne da ban ɗauki alƙalami ba. Kwanan baya na yi miyar yakuwa da busasshen kifi, na sa daddawa yadda nake so. Maƙwabciyarmu yarinya ce, matar wani ma'aikaci da suka kama haya, cikinta ya fito, kuma tagar ɗakinta tana kallon madafinmu. Na zuba a kwano na rufe na aika mata, ban ma yi tunani ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Kwanon ya dawo a wanke, da godiya. Da la'asar na fita za ni gaisuwar rashin lafiya, sai na ga kaji sun taru a bakin kwatarsu suna tsattsagar kifina. Na gane shi, don ni na ɓare shi. Da na dawo na gaya wa surukata, ta ce, "Mama, yanzu ai ba a cin abin hannun wanda ba a sani ba, balle mai ciki. Tsoron sammu ake." Ba na so in yi wa yarinyar rashin adalci. Wataƙila uwarta ce ta ja mata kunne, wataƙila ta taɓa ganin abin da ban gani ba. Amma tun ranar wata ƙyama ta kama ni, domin mutanen da ke zubar da miyar maƙwabci a kwata su ne kuma nake gani suna ɗaukar hoton abincinsu a waya suna nuna wa duniya, mai ci da marar ci, ba wanda za a ɗiba wa ko loma.

A ƙauyenmu, can wajen Unguwar Lalle, akwai abin da muke kira rabon hanci. Ban san ko haka ake kiransa a wani wuri ba, na tambayi abokan karatuna a jami'a daga baya, wasu sun san al'adar amma ba su san sunan ba. Ƙa'idar ba ta da wuya. In kin ɗora tukunya kuma ƙamshinta ya tsallake danga ya isa gidan da ke da mai ciki, to ta riga ta zama mai rabo a cikin tukunyar. Ba ta roƙo, ba a kuma jira ta roƙa. Ke mai girki ke za ki duba inda iska ta nufa. Tsofaffi suna cewa matar da ta hana mai ciki hazbiya za ta fito mata a ido, yaron mai cikin kuma a haife shi yana dalalar da yawu. Na yi karatu, na koyar shekaru masu yawa, ban ga inda aka tabbatar da wannan ba, kuma ba za ni ce gaskiya ne ba. Abin da na sani shi ne, tun ina yarinya ban taɓa ganin mai ciki ta kwana da kwaɗayin abin da aka dafa a unguwarmu ba. Kwanon kuma ba ya komawa wofi. Ko tsamiya uku ce, ko ɗan barkono, sai an jefa a ciki.

Shi ya sa a lokacin ake cewa mai ciki sarauniyar shekara ce, kowane wata da abin da yake kawo mata. Da damina ta kankama, kwaɗon rama da na tafasa ke yawo tsakanin gidaje, sai gasasshiyar masara, sai tumu in gero ya fara nuna, a murje shi a faifai da ɗuminsa a kai mata. Da kaka sai dafaffiyar gyaɗa da gujiya da takanɗa. In sanyi ya sauko, da sassafe za ka ji ƙarar turame daga kowace kusurwa kamar suna amsa wa juna, kunun tsamiya ya iso mata tun ba ta wanke ido ba, a sa mata garwashi a kasko kusa da ƙafa, wata tsohuwa ta shigo ba sallamar kirki ta murza mata baya da man shanu tana yi mata tsiya. Da bazara kuwa aka fi ji da ita: randa ta musamman a gindin bishiya, an binne gindinta cikin jiƙaƙƙen rairayi, furar da matan Fulani suka dama da kindirmo, magarya, goruba, ɗinya, da farar ƙasar da ake sayowa a kasuwar Bafarawa ana ɓoyewa don kada ta ci ta yi yawa. Na girma ina kallon wannan, ina ɗokin ranar da zai zo kaina. Sai ya zamana cikina na fari ya faɗo a shekarar da ruwa ya ƙi.

Shekara ta biyu ce ta farin, in ban ruɗe ba, don ta farko mutane sun lallaɓa da abin da ke rumbu. Hadari yakan haɗu gabas, a fito ana kallo, a kwashe shanya, sai iska ta ɗauke shi ta bar mu da zafi. An yi shuka ta ƙone, an sake ta ƙone. Gulbi ya zama rairayi, mata suna tono a tsakiyarsa suna jiran ruwa ya tsattsafo a kwarfa da ƙoƙo. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shiru. Turame sun daina magana. Da safe ba ka jin komai sai kukan jaki da tarin tsofaffi. A bakin hanya kuwa mushen shanu ne na makiyayan da suka gangaro daga arewa, har ungulu ta ƙoshi ta daina tashi in mutum ya zo wucewa.

Mijina malamin firamare ne a Isa, albashi kuma sai an ga dama. Laulayi ya kama ni irin wanda ko ruwa ba ya zama. Bisa al'ada sai ciki ya tsufa ake kai mace goyon ciki gidan iyayenta, amma ni tun bai fito sosai ba ya ɗauko ni ya kawo ni gida, don ya rasa yadda zai yi da ni. Babana ba ya nan, ya bi ayarin masu cin rani zuwa kudu. Gidan ya rage Inna, da ƙannena, da Kaka, wato mahaifiyar Inna, wadda ta baro Kurawa bayan awakinta sun ƙare. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido da ido, ba ta iya tambayata ina ke ciwo a gaban mutane. In na yi amai sai ta ɗebo ƙasa ta rufe ta wuce, kamar kaza ce ta ɓata wurin. Na san tana ji. Da yamma nakan hange ta ta tsaya a bayan rumbu tana kallon wuyan hannuna. Amma baki sai Kaka. Ita ce ke ce mini ƙawata, ta zage ni, ta matsa mini ƙafa ta ga yatsanta ya lotsa bai taso ba, sannan ta ce da Inna, ba a ɓoye ba, "In wagga yarinya ba ta samu hatsi cikinta ba, za mu rasa guda, in ba mu rasa biyu ba."

Abincin kowa a lokacin dilo ne. Ga wanda bai san shi ba, ƙwayar 'ya'yan anza ce, wani ɗan itacen daji da ko akuya ba ta cika kula shi ba. Ɗacinsa ya wuce misali, kuma ana cewa in bai jiƙu sosai ba yana iya illa. Sai an shanya, an ɓare, an tafasa, an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ana sake wani, a shekarar da ruwan kansa sai an tona. Tun asuba mata da yara suke tafiya daji neman sa, ba sa dawowa sai rana ta karkata. Ruwan jiƙon nan yana da wani wari da har yau ban sami abin kwatanta shi ba, kamar ruɓaɓɓen wake da aka zuba wa fitsarin jaki. Tukwanen suna jere a bayan ɗakinmu, kumfa a kansu, ƙudaje suna bi. Kaka takan yi mini nawa daban, ta ƙara masa kwanaki, ta wanke da ruwan toka, ta sa gishiri da ɗan garin ƙuli in an samu. In na rufe ido na haɗiye, kafin ta ajiye kwanon ya dawo. Abu guda raina yake so, tuwon gero da miyar kuka da man shanu. Ina ganin sa a barci. Ban faɗa wa kowa ba, don faɗin irin wannan a wannan shekara kamar zagi ne.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Baffa, ƙanen babana. Shi ɗan kasuwa ne, yana kai takalman taya da gishiri da atamfa cikin Nijar, ya dawo da abin da ya samu. Matarsa 'yar can ce, muna ce mata Ta-Madawa, mace mai sanyin magana wadda ba ta girme ni da yawa ba. In an haɗu a bakin rijiya ita ma kukan dilo take yi kamar kowa. To amma ciki yana buɗe hanci, kuma ni kaɗai ke wuni a gida. Kullum in rana ta take, unguwa ta yi tsit, sai baƙin hayaƙi ya taso daga gindin katangar nan ta ɓangarensu, daidai saitin inuwar da nake kwanciya. Ragowar yankan taya ce ake ƙonawa. Yana shiga ido, yana shiga maƙogwaro, in yi ta kakari ba abin da ke fitowa sai ruwa mai ɗaci. Sai wata rana iska ta ɗan juya, a ƙarƙashin warin robar na ji wani abu. Na ɗaga kai. Ruɗen gero ne yana tafasa. Can kuma sai man shanu ya faɗa cikin miya mai zafi. Na ce wa kaina mafarkin ne ya biyo ni har rana. Washegari na sake ji, da wanshekaren ta.

Da na gaya wa Kaka, tana tsince dilo a faifai, ba ta ɗago ba.

"Mi kinka ji?"

"Gero, Kaka. Da mai."

"Hancin naki ko na kare?"

"Wallahi na ji."

Inna tana gefe tana ɗaure itace. Ta ce da Kaka, ba da ni ba, "Baffanta ya ce maganin sauro na."

"Sauro," in ji Kaka. "Shekarar da kwaɗo yay yi hijira, shi sauro ka damu nai. Kuma sauron rana tsaka."

Inna ta ce, "Ki bari. Hatsinai na. Ba mu roƙo. Maigidan ba shi nan, kada a ce mun kai mai ƙara ga ɗan'uwa."

"Wa ya ce roƙo? Ni da nig gaji arziki in yi roƙo?"

Washegari Kaka ta ƙi zuwa daji, ta ce ƙafarta. Da hayaƙin ya taso, sai ta ɗauko kwanon shan babana, mai murfi, ta wanke shi da toka har yana ƙyalli, ta cika shi da dilon da ta yi mini, ta rufe da faifai mai ado. Ta ce, "Tashi, ƙawata. Kai ma baffanki rabon hanci. Ki ce ni nic ce a yi haƙuri, warin dilonmu ya dame su har suna ƙona taya, ga nasu." Na ce ba ni iyawa, kunya nake ji, jiri kuma nake gani. Ta ce, "Kunya ta uwarki ta, ita anka bar ma wa. Ke tashi."

Na bi bango na zagaya. Na yi sallama a zaure ba a amsa ba, na shiga, tunda gidanmu ne. Abin da na tarar ina iya zana shi yau. Wuta biyu ce. Ɗaya a murhu ƙarƙashin tukunya, ɗaya a cikin fasasshen kasko a gindin katangarmu, baƙaƙen yankan taya suna narkewa suna ɗiga. Ta-Madawa tana tsugune tsakaninsu, ta ɗaure hanci da baki da tsumma, idanunta jajir suna zubar da ruwa, tana tuƙi da muciya. Bangon madafin ya yi baƙi ƙirin, har da marufan tukwane. An rufe 'ya'yanta a ɗaki, ina jin tarinsu. A bakin ƙofar ɗakin ga ɗan tulin ganyen dogon yaro a ƙoƙo. Daga baya na san amfaninsa: in yaran sun gama ci sai a goge musu baki da toka, a sa su tauna ganyen, don kada wani ya ji man shanu a numfashinsu in sun fita wasa.

Ta gan ni, muciyar ta tsaya. Baffa ya fito daga turaka da carbi a hannu.

"Ke, lafiya? Wa ya aiko ki da rana haka?"

Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi saƙon Kaka yadda ta faɗa, ban rage ba, ban ƙara ba, idona a ƙasa. Tuwon yana ta huci a tukunya, ni kuma yawu ya cika mini baki, na kwaɗayi da na amai a haɗe, na rasa inda za ni tofar. Ta-Madawa ta miƙe ta karɓi kwanon, ta juye dilon a ƙwarya, ta ɗauraye, ta ɗauki mara.

Baffa ya ce mata, "Ki san abin da kika yi. In kwano guda ya fita yau, gobe goma ka shigowa. Masu ciki nawa ag ga unguwag ga? Buhun nan shi ka kai mu kaka, in ya kai."

Ta janye tsumman daga bakinta. "Malam, kwano ba shi komawa wofi. Ko garinmu haka na." Ta sa malmala biyu, ta zuba miya, ta rufe, ta ɗora mini a hannu ba ta kalle ni ba. Baffa ya juya ya koma ciki.

Na yi shekaru ina auna maganar Baffa, kuma ba za ni ce ba ta da kai ba. Yana da bakuna da yawa a wuyansa, hatsin kuma da wahala ya tsallako da shi. Da ya buɗe buhun ga unguwa wataƙila da ba a yi mako ba ya ƙare. Da ya zo ya ce wa Inna, ga abin da ke akwai, ba ya isa, a yi haƙuri, ina jin da ba wanda zai riƙe shi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne kaskon. Mutum ya zauna ya yi tunani, ya duba inda iska ke bi, ya gane inda 'yar wansa mai ciki take kwanciya, ya ajiye wutar daidai nan.

Da na koma, Kaka ta buɗe kwanon ta ce bismilla. Ga shi nan, abin da na yi ta gani a barci, man yana yawo a kan miya. Na gutsura na kai baki. Taya ce. Hayaƙin ya shiga garin, ya shiga miyar, ya shiga man, har wani baƙi-baƙi ne a bayan malmalar kamar an barbaɗa kwalli. Ɗanɗanonsa kamar ka lashi takalmin da ya wuni a rana. A lokacin na gane cewa abin da suke ci ke nan kullum, wata da watanni, a ɗaki a rufe. Na dawo da lomar, har da abin da ban ci ba. Na ture kwanon ina kuka na ce a mayar musu da kayansu.

Kaka ta jawo shi gabana. Ta ɓare tsamiya ta tura mini a kunci, ta kama mini hanci da yatsu biyu kamar za a yi wa jariri ɗura.

"Buɗe."

"Kaka, wari."

"Na ji. Ba ke ka ci ba, wanda ke ciki ka ci, shi ko ba shi da hanci tukuna. Buɗe, ko in kira uwarki ta ga yadda anka lalata ɗiya da boko."

Na buɗe. Loma ta biyu ta dawo, ta uku ta tsaya. Kaka ta riƙe mini kai a cinyarta tana yi mini fifita har la'asar, tana zagin kakannin mijina ɗaya bayan ɗaya don kada in tuna da cikina. Da Inna ta dawo daga daji ta ga kwanon, ta ga ragowar malmala, ba ta tambaya ba. Ta ɗauke shi ta wanke, ta jefa busasshiyar kuɓewa 'yar kaɗan a ciki, ta miƙa ta kan katanga.

Tun daga ranar kullum kwanon yana tsallakowa, malmala ɗaya, wani lokaci rabi. Hayaƙin bai daina ba. Kaskon dai ya matsa daga gindin katangarmu zuwa wajen zaure, ban san ko Ta-Madawa ta matsar ko Baffa ba. Haka na ci tuwon nan har cikina ya tsufa, hanci a toshe, tsamiya a kunci, ban taɓa jin daɗin loma ɗaya ba. Kumburin ƙafar ya ragu. Yaron ya fara motsi da ƙarfi. Abin da ya ƙara mini takaici, ashe duk unguwa an sani. Wata tsohuwa da ta zo duba ni ta hangi hayaƙin ta ce, "To, gidan baffanki an ɗora." Wato abin da aka ƙirƙiro don ɓoye girki shi ya zama shelar girkin, tun daga daji masu tsintar anza suna hango shi. Ba wanda ya je, ba wanda ya aika kwano. Masu cikin unguwar suka ci dilonsu. Ni kaɗai na samu, don ina da kaka marar kunya, kuma har yau in na tuna sauran sai in rasa inda za ni sa wannan tunanin.

Na haihu bayan ruwa ya sauka, shuka ta kai gwiwa. Namiji, ɗan ƙarami kamar ɓera, amma da murya. Mata suka yi ta shigowa barka, ban ga Ta-Madawa ba. Da na tambaya, Kaka ta ce tana kwance. Sai a lokacin na ji cewa ita ma ciki gare ta duk tsawon watannin nan, yana bayan nawa kaɗan, zanen da take ɗaurawa sama da ramar da kowa ya yi suka ɓoye shi. Da laulayinta take tsugunawa tsakanin wuta biyun nan. Nata ya zo ba lokacinsa ba, kuma bai zo da rai ba. Ba za ni ce hayaƙin ne ba. Ba ni da hujja, mata da yawa sun yi ɓari a shekarar waɗanda ba su taɓa shaƙar taya ba, kuma rai na Allah ne. Na dai karanta abin da na karanta daga baya, na rufe littafin, na daɗe a zaune.

Sai bayan suna Ta-Madawa ta shigo, da hantsi, tana bin bango yadda na bi ranar. Ta kawo mini kunun kanwa a kwanon nan, ta ce a wutar karan dawa ta dama, an daina ƙona taya. Na karɓa na kurɓa don kada ta ji wani iri. Kunu mai kyau ne, na san mai kyau ne, amma taya na ji. Har yau haka gero yake a bakina. Yaron nan yanzu furfura ta cika masa gemu, ba abin da yake so kamar tuwon gero, in ya zo ni ke tuƙa masa da kaina, gefen mayafi a hancina, yana yi mini dariya bai san dalili ba.

Ranar nan Ta-Madawa ta zauna a bakin gado ta ce in ba ta jaririn. Na miƙa mata. Ta buɗe zanen ta duba hannuwansa da ƙafafunsa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta sunkuya ta sa hancinta a tsakiyar kansa, ta ja numfashi, ta sake ja.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Wanga ba shi warin komi."